Tsagar saman murhu ta daina dawowa

Jama'a, assalamu alaikum. Yau dai Alhamdu lillahi. Na hura wuta sosai a murhun falo da busasshen itacen turare, ta ci har bangon ya ɗau zafi, ya huce, na sake hurawa, kuma shafen saman bakin murhun bai tsage ba ko kaɗan. Wanda ya bi wannan aikin da ni tun ƙarshen damina ya san irin ciwon kan da tsagar nan ta ba ni.

Ga waɗanda ba su san gidan ba, tsohon gini ne a ɓangaren Bukuru, irin na zamanin Turawan kuza, mai bututun hayaƙi na jan bulo. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu kuwa ba wasa ba ne, shi ya sa na ƙi toshe murhun kamar yadda maƙwabta da yawa suka yi.

Tsagar kan fito daga kusurwar bakin murhu ta hagu, ta haura a karkace. A liƙe, ta dawo. Birkila ya ce yashi ne ya yi yawa, aka ƙara siminti, ta dawo. Wani ya ce tushen gini ne ke zama, amma tsaga ba ta motsi sai an hura wuta, to me ya haɗa tushe da wuta? Sai da na fasa shafen gaba ɗaya na ga ƙarfen linta, wato ƙarfen da ke ɗauke da bulon saman bakin murhu. Wani da ya taɓa gyaran murhun a baya ya sa ƙarfe mai kwana, ya danƙare ƙarshensa biyu da siminti, ko allura ba za ta shiga ba.

Ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi. Mita ɗaya, in zafinsa ya ƙaru da digiri 300, yakan ƙara tsawo da wajen milimita uku da rabi. Jan bulo wajen rabin haka yake yi, kuma ba ya saurin ɗaukar zafi kamar ƙarfe. To ƙarfen da aka matse ina zai je? Dole ya tura bulo, bulo ya tura shafe. Ƙarin simintin ma ƙara matse shi kawai yake yi. Ga shi siminti na gini ba ya jure wuta, ƙarfinsa kan fara raguwa tun zafi yana wajen digiri 300.

Abin da na yi: na tokare bulon sama da katako, na zare tsohon ƙarfen, na kai wa mai walda ya yanko sabo mai kauri. Na bar shi ya hau bulo santimita 10 kowane gefe, amma na bar fili wajen milimita 6 a kowane ƙarshe. Filin nan na cusa masa audugar da ke jure wuta, irin wadda masu ƙera injin gasa burodi ke sawa a bangonsa, na kuma shimfiɗa siririya a bayan ƙarfen don kada kwaɓi ya manne masa. Audugar ce ta ƙona min aljihu. Mai shagon ya ƙi yanka min, sai da na sayi nannaɗe guda a kan kuɗin da ya fi na ƙarfen da waldarsa, alhali abin da na yi amfani da shi bai kai zira'i biyu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Duk wanda ke kusa yake bukata, ya zo ya ɗiba.

Kantar katako da ke saman murhun ta madaci ce, kafinta ya goge ta ta yi kyau matuƙa. Ƙa'idar ginin gidaje ta Amurka ta hana katako kusantar bakin murhu ƙasa da inci 6 (wajen santimita 15), kuma duk wanda ke cikin inci 12 (wajen santimita 30) ba a yarda ya turo waje sosai ba. Tawa kantar ta turo santimita 20, don haka na ɗaga ta santimita 40 daga baki. Kafinta ya so ya kafa ta da sukurori da robar fisha da ake cusawa a hujin bango, na ce a'a, roba da zafi ba sa shiri. Rodi mai kaurin milimita 16 guda biyu muka dasa a bango, muka huda katakon muka zura shi. Ba a ganin komai daga waje, kuma na rataya da hannu biyu bai motsa ba. Wallahi na ji daɗin wannan.

Gefe da gefe farantan dutse zan sa maimakon tayil, ban saya ba tukuna. Ragar tare tartsatsi kuwa na mayar wa mai walda, domin ya yi ta da waya mai ruwan tutiya, ita kuma tutiya in ta ji wuta sosai hayaƙinta na cutar da mutum. Baƙin ƙarfe nake so.

Saura hular bututu kafin ruwan Afrilu ya sauka. Wanda ya taɓa sa hula a bututu mai kusurwa huɗu ba tare da ta rage jan hayaƙi ba, don Allah ya faɗa min tazarar da ya bari tsakanin hular da bakin bututun.