Yadda na zama tafintar Umma a fina-finan kukan Koriya

Kamar yawancin sa'o'ina a Kano, da fim ɗin Indiya na buɗe ido. Na Koriya kuwa ta kan Jumong ya shigo gidanmu, lokacin da ake sayar da shi a faifai, yayyena maza suna raba dare a kansa saboda takubba da dawakai. Kashi 81 ne, tashar MBC ta fara nuna shi a 2006, ni dai ban taɓa kai shi ƙarshe ba. Nawa kamun daga baya ya zo, ranar da na kai waya wurin masu tura fina-finai a bakin layinmu na ce yaron ya sa mini wanda babu faɗa a ciki. Ya ce, "Anti, akwai wani, amma fa ki tanadi hankici."

Autumn in My Heart ne ya tura mini, na tashar KBS, wanda ya fito a shekarar 2000, kashi 16. Ba a yi masa fassarar Hausa irin ta fina-finan Indiya ba, sai rubutun Turanci da ke gudu a ƙasa. Umma ba ta yi boko ba, amma ba ta yarda a kalli abu a ɗakinta ba ta san me ake cewa ba, don haka na zama tafinta. In jingina wayar a jikin filas, in karanta, in juya mata da Hausa, ita kuma tana gyaran wake tana yanke hukunci.

Labarin jarirai mata biyu ne da aka musanya a asibiti. 'Yar talaka ta tashi a gidan masu hali tare da wani yaro da take kira yayanta, sai da ta zama budurwa gwajin jini ya tona asiri, aka mayar da kowace gidan iyayenta. Bayan shekaru ita da yaron suka sake haɗuwa, soyayya ta shiga, daga ƙarshe sankarar jini ta ɗauke ta. Da aka zo kan soyayyar Umma ta ajiye faranti ta ce, "Ke, tsaya. Nonon wa yarinyar nan ta sha?" Na ce na uwar yaron mana. Ta ce, "To ai magana ta ƙare, babu aure, su daina wahalar da kansu." Daga nan duk lokacin da suka kalli juna sai ta yi tsaki.

Amma ta yi kuka, kuma ba a wurin mutuwar ba. Wurin da yarinyar ta bar gidan da ta tashi ta koma hannun uwar da ba ta sani ba, a nan Umma ta kai bakin mayafi ido. Ta taɓa riƙon 'yar ƙanwarta tun daga yaye har ta isa shiga sakandare, rana ɗaya uban ya aiko aka tafi da ita. Ba ta taɓa zancen da mu ba. A daren ma ba ta yi ba, ta dai ce in mayar da wurin baya ta sake gani.

Aikin tafinta ya nuna mini abin da mai kallo shi kaɗai ba lallai ya lura da shi ba: inda abin ya fi ciwo, a nan nake rasa aikin yi. Babu maganar da zan fassara. Uwa za ta ɗauki ɗan kifi da tsinken cin abinci ta ɗora wa ɗanta a kan shinkafa, ba ta dube shi ba, shi ma ya sunkuyar da kai ya ci. Ɗa zai zuba wa mahaifinsa abin sha da hannu biyu, abin da ke cinsa a rai yana nan bai faɗa ba. Wanda likita ya gaya wa kwanansa ya kusa zai dawo gida ya ce gajiya ce kawai. Kunya da kara da haɗiye magana a gaban manya, duk mun san su, ba sai an yi wa Bahaushe bayani ba. Fim ɗin Indiya idan baƙin ciki ya zo sai ya saki kiɗa da ruwan sama, jarumi ya ɗaga murya ya gaya wa duniya halin da yake ciki. Ina son wannan ma, da shi na girma, amma a ganina wanda aka danne ya fi daɗewa a ƙirji.

Na daɗe ina mamakin yadda rabuwa ta cika labaransu, wa ya ɓace wa ƙanwa, uwa ta bar ɗa a tashar jirgi, a haɗu bayan shekara ashirin ba a gane juna ba. Da na bi tarihin ƙasar sai mamakin ya ragu. Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 ya tarwatsa iyalai masu ɗimbin yawa, kuma da tsagaita wuta ya tsaya, har yau iyakar Kudu da Arewa a rufe take. A ranar 30 ga Yuni 1983 tashar KBS ta fara wani shiri kai-tsaye na neman dangin da suka ɓace. Mutane suna tsayawa gaban kyamara riƙe da allo, an rubuta suna da garin asali da wurin da aka rabu, wani ya ambaci tabon da ke jikin ƙaninsa. Jama'a suka yi cincirindo, suka lulluɓe bangon gidan tashar da takardun cigiya, shirin ya ci gaba har kwana 138, iyalai sama da 10,000 suka haɗu. A 2015 hukumar UNESCO ta sa kundin shirin cikin abubuwan tarihi na duniya da ake adanawa. Da yawa daga masu rubuta waɗannan wasanni da masu kallonsu na farko sun ga wannan da idonsu, ko iyayensu sun gani. Ɗan'uwan da ya ɓace ba ƙirƙirar marubuci ba ne a wurinsu.

Tsarin ma yana taimakawa. Galibi kashi 16 ne ko 20, kowane kusan awa guda, ana nuna biyu a mako, sannan a rufe. Wanda ya mutu ya mutu. Masu dogon zango na Indiya da ake nunawa a tauraron ɗan'adam kuwa sai a yi ɗaruruwan kashi, a binne mutum yau, bayan wata uku ya dawo da sabuwar fuska. Wa zai ɓata hawayensa a kan wanda ya san zai dawo?

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kanmu. A gidan makoki da zarar mace ta fara kuka za a taso mata, "Yi haƙuri, addu'a yake buƙata." Gaskiya ne, kuma ni ma ina faɗa wa wasu. Sai dai bayan sadakar uku da ta bakwai kowa ya watse, abin da ya rage a zuciya babu inda za a kai shi. Idan kika yi kuka a kan wata 'yar Koriya da ba ta taɓa wanzuwa ba, babu mai ce miki kin kasa tawakkali. Iyaka a yi miki dariya. Bayan rasuwar Baba na lura Umma ta fi neman irin waɗannan, ni kuma ban tambaye ta dalili ba.

Ba duka ne suka cancanci hawayen ba. Da na kalli da dama sai na gane kayan aikin marubutan ragwaye: sankara, haɗarin mota, da mantuwa. Idan labari ya tsaya cik sai a aiko da babbar mota ta buge wani, ya farka bai san matarsa ba. Yanzu ina ganewa tun kashi na uku, in goge in huta da cin wurin waya. Ma'aunina shi ne ko na damu da mutanen tun kafin masifar ta sauka. Wanda ya fi ƙarfina na Japan ne, na tashar Fuji a 2005, wanda aka gina a kan littafin da wata yarinya, Aya Kito, ta riƙa rubuta halin da take ciki. Tana da shekara 15 ta kamu da cutar da ke lalata sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tafiya da magana, hankalinta kuwa garau, ta rasu a 1988 tana da shekara 25. Wannan ban fassara wa Umma shi ba. A lokacin muna da mara lafiya kwance a gida, kuma na riga na ga cewa irin wannan kallo yana sauƙaƙa wa wanda ciwonsa ya kwana biyu ne, mai ɗanyen ciwo ƙara masa yake yi.

Sauran dabarun ƙanana ne. Ba na fara sabon kashi bayan sha ɗaya na dare, domin da gangan suke yanke shi a inda ba za ki iya barci ba, ga asuba tana jira. Wuraren shan giya, waɗanda suke da yawa, da abin da bai kamata in kalla kusa da mahaifiyata ba, yatsana yana kan allo ina tsallakewa, ita kuma ta yi kamar wake ne ya ɗauke mata hankali. Kuma yanzu dole in san ƙarshen labari kafin mu fara, saboda Umma ba ta zama sai ta tambaya, "Ke, wannan ma mutuwa za ta yi?" Idan na ce eh sai ta ce Allah sarki, ta gyara zama. Idan na ce a'a, aure za su yi, sai ta ce in nemo wani.