Darussan neman FRB a ƙananan mitoci

Ɗalibin kimiyyar sararin samaniya a Kano da ya zauna da bayanan neman FRB, walƙiyar rediyon nan da ke zuwa daga nesa ta ɗauke cikin 'yan milisakan, ya fara da lissafin jinkiri. Ilektoron da ke kan hanya suna riƙe ƙananan mitoci, sai su iso a makare. Ka ninka DM, wato ma'aunin yawan ilektoron da siginar ta ratsa a hanya, da 4.15, ka raba da mitar a gigahaz sau kanta, ka sami jinkirin a milisakan. Da DM 500, a megahaz 1,400 daƙiƙa ɗaya ce da ɗoriya. A megahaz 150 kuwa kusan 92. Daga 110 zuwa 190 kaɗai siginar na jan jiki fiye da daƙiƙa 110, don haka wanda ya yanyanka bayanansa daƙiƙa 30-30 da hannunsa ya yanke ta.

Faɗin tasha, wato kowane ɗan yankin mita da ake raba bayanan a kai, shi ma yana cin mutum. Tashar kilohaz 10 a megahaz 150 tana shafe wannan siginar da milisakan 12, dole a tsuke tashoshi, kwamfuta kuma ta sha aiki.

Wannan duk lissafi yana gyara shi. Wanda ba ya gyaruwa shi ne warwatsuwar siginar a hanya: jelar milisakan ɗaya a 1,400 tana iya zama daƙiƙa bakwai a 150, ta nutse cikin hayaniyar sama, wadda ita ma ta fi ƙarfi a can ƙasa.

Sai hayaniyar mutane. Tashoshin FM suna tsakanin megahaz 88 da 108, kuma Kano cike take da su, ga tartsatsin janareta da na walda. Kafa eriya a tsakiyar gari ɓata lokaci ne. Duk abin da ya fi haske a DM sifili daga nan duniya yake, a zubar. Ko a Parkes, cibiyar sauraron rediyon sararin samaniya ta Ostireliya, a 2015 aka gano murhun maikirowef ne ke haifar da wasu siginonin bogi.

A ganina lalube a makance asarar wuta da data ce. LOFAR, na'urar sauraron rediyon sararin samaniya ta Holan, ta bi FRB 20180916B, wadda takwararta CHIME ta Kanada ta gano tana dawowa duk kwana 16.35, ta kama ta har megahaz 110. A ƙananan mitoci tana makara da kimanin kwana uku, saboda haka a tsara lokacin kallo da wannan ƙarin.