Abin da gashin wani yaro ya koya mini game da furfura

Lokacin da muke makarantar koyon aikin jinya, darasin fata da gashi yana cikin waɗanda muke haddacewa saboda jarrabawa kawai, domin a ganinmu ba a kwantar da mutum a asibiti saboda launin gashinsa. Wannan tunani bai bar ni ba sai da aka tura ni aiki wata cibiyar kula da yara masu tamowa, a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba.

A makona na biyu wata mata ta kawo ɗanta da bai cika shekara biyu ba, kumatunsa a cike, dantsensa bai nuna rama sosai ba, sai dai gashinsa ya yi ja-ja, ya yi laushi, ya kwanta kamar na jariri. Da na tambaye ta, sai ta ce gado ne, haka gashin dangin babansa yake, ni kuma na karɓi maganar na juya ga zawon da ya kawo su. Babbar ma'aikaciyar da ke kula da mu ta zo ta danna bayan ƙafafunsa da babban yatsa na daƙiƙa uku, ta ɗaga, ramin ya tsaya bai koma ba. Ta ja gashin a hankali, ya biyo hannunta, yaron ko motsi bai yi ba. Sai ta dube ni ta ce: "'Yata, idan kin ga gashin yaro ya sauya launi, ki fara duba ƙafarsa kafin ki tambayi danginsa." Kumburin tamowa ne ya cika masa kumatu, kuma a ranar aka kwantar da shi.

Daren nan na koma ga littattafan da na ajiye, na karanta su da ido na daban. Gashin da muke gani a waje ba shi da rai. Aikin duka yana gudana ne a tushensa, cikin wani ɗan rami a fata, inda wasu ƙwayoyin halitta da ake kira melanosait suke haɗa sinadarin launi, wato melanin, suna ɗura shi cikin silin gashi yayin da yake tsirowa. Melanin ɗin iri biyu ne: yumelanin, mai ba da baƙi da ruwan ƙasa, da fiyomelanin, mai ba da ja da ruwan ɗorawa. Yawan kowannensu da yadda suka gauraya shi ne ke raba baƙin gashi da ja da fari-fari. Abin da ya fi jan hankalina shi ne kayan haɗin, domin jiki yana ƙera melanin ne daga tayirosin, wanda ke cikin tubalan furotin na abinci irin su wake, gyaɗa, madara, ƙwai da nama, kuma sinadarin da ke tuƙa aikin ba ya motsi sai da ɗan jan ƙarfe a jiki.

Maganar gado da uwar yaron ta yi ba ƙarya ba ce a asalinta, wurin da aka ɗora ta ne bai dace ba. Ƙwayoyin gado masu yawa ne ke tsara launin gashi, kuma wadda aka fi sani ita ce MC1R, wadda idan ta sauya a kwafin uwa da na uba sai a sami jan gashin da ya yi yawa a Sikotilan da Ayalan. A tsibiran Solomon akwai baƙaƙen mutane masu gashi ruwan zinariya, an daɗe ana zaton daga Turawa suka samo shi, har sai da bincike a 2012 ya nuna sauyi ne nasu na kansu a wata ƙwayar gado mai suna TYRP1. Zabiyan da muke zaune da su ma haka ne, ƙwayoyin melanosait suna nan a fatarsu, melanin ɗin ne ba sa iya haɗawa yadda ya kamata. Amma launin gado da shi ake tashi, kuma gashin yana da ƙarfi, ba ya tsigewa a hannu. Sauyin launi irin na yaron nan yana cikin alamomin da likita Cicely Williams ta bayyana a ƙasar da ake kira Gana a yau, lokacin da ta shigar da sunan kwashiyoko, wato tamowa mai kumburi, cikin littattafan likitanci a 1935, sunan da ta aro daga harshen Ga.

Daga nan ne na fahimci furfura, wadda a da nake ɗauka gashi ne yake tsufa ya koɗe kamar zane a rana. Kowane silin gashi yana tsirowa na wasu shekaru, ya huta, ya faɗi, wani ya fito a gurbinsa, kuma a duk sabon zagaye sai an ɗebo sababbin melanosait daga wata ajiya da ke gefen ramin gashin. Yau da gobe ajiyar tana ƙarewa, sai gashi ya fito babu launi, hasken da ke ratsa shi ya sa a gan shi fari. An kuma gano cewa sinadarin haidurojin feroksayid, irin wanda ake wanke ciwo da shi, yana taruwa a tushen gashi idan shekaru suka ja, yana dagula aikin haɗa melanin. Lokacin farawar kuwa gado ne ya fi ƙarfi a kansa: Turawa sukan fara a tsakiyar shekarun 30, mutanen Asiya a ƙarshensu, baƙar fata kuma sai wajen tsakiyar shekarun 40, shi ya sa ake ɗaukar furfurar da ta fito mana kafin shekara 30 a matsayin ta wuri.

Mutanenmu sun daɗe suna cewa damuwa tana kawo furfura, kuma na daina yi wa wannan magana kallon camfi tun da masu bincike a Jami'ar Harvard suka nuna a 2020 cewa tsananin damuwa yana sa jijiyoyin ɓeraye su saki sinadarin da ke ƙarar da waccan ajiya farat ɗaya. A kan ɓeraye aka yi, don haka ba na faɗaɗa shi fiye da haka. Abin da ba na yarda da shi shi ne cewa tsige furfura ɗaya yana haifar da goma, domin kowane rami harkar kansa yake yi; illar tsigewa ita ce tana iya lalata ramin.

Yanzu idan budurwa ko saurayi ya zo yana kukan furfura, nakan fara tambayar shekarun da iyayensa suka fara tasu, sannan in duba alamun ƙarancin bitamin B12, ko matsalar maƙoƙo, ko farin tabo a fata, domin wasu daga cikin waɗannan idan aka magance su launi yana iya dawowa. Mai son rufe furfurarsa kuma nakan ja masa kunne game da baƙin rini mai sinadarin PPD, wanda na ga ya kumbura wa mutane fuska da fatar kai, alhali lallenmu na gargajiya ba kasafai yake yin haka ba. Ga dattijo dai melanosait masu haɗa launin ne suka ƙare, ba abincin da zai dawo da su. Ga yaro mai tamowa kuwa suna nan da ransu, kayan aiki ne suka yanke musu.

Bayan kusan wata uku uwar ta dawo da yaron awo, yana tafiya da ƙafarsa, kumburin ya saɓe. Da yake gashi yana tsawo kusan santimita ɗaya a wata, jan yana nan a sama bai gushe ba, amma da na buɗa shi da yatsuna sai na ga baƙi wuluk ya taso daga tushe, da iyaka a fili tsakanin watannin yunwa da na ƙoshi. Na kira ta na nuna mata, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko za a iya duba 'yar maƙwabciyarta, wadda ita ma gashinta ya fara yin ja tun da aka yaye ta.