Godiya ga Jama'ar Unguwar Nima ta Akara da Duk Wanda Ya Tsaya Mana Kan Ƙanena

Assalamu alaikum warahmatullahi.

A madadin mahaifiyarmu Mma da dukkan gidanmu, ina miƙa godiya ga waɗanda suka halarci walimar da muka yi ranar Lahadi, da waɗanda suka aiko saƙo daga Kumasi da Tamale, da masu yi mana addu'a daga nesa. Ƙanena ya dawo gida daga jinyar shaye-shaye da ƙafarsa, cikin hankalinsa. Alhamdu lillahi. Shi ya ba ni izinin rubuta wannan, bisa sharaɗin kada in kama sunansa ko na wani, don haka kowa zai gane kansa ta aikin da ya yi.

Da yawanku kun san shi yana dakon albasa tun kasuwar tana Agbogbloshie, kafin a mai da ita Adjen Kotoku a 2021. A wurin dakon ya fara shan tiramol, wai don ƙarfin aiki. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana mai miligiram 50 da mai 100 kaɗai ta yarda da su, su ma sai da takardar likita, amma abin da ke yawo a lungunanmu mai 120 ne da mai 225 da mai 250. Daga ƙwaya ɗaya da safe, ya kai ba ya iya miƙewa sai ya sha. Wiwi ta biyo baya. Da 'yan sanda suka kai samame inda suke zama, aka same shi da ƙulli a aljihu.

Godiyata ta farko ga ɗan sandan da ya ga halin da yaron ya shiga a sel, ya nemi lambata ya kira ni cikin dare. Wanda bai taɓa ganin mai shan ƙwaya an yanke masa ita rana ɗaya ba, ba zai gane ba: gumi, rawar jiki, gudawa, ciwon gaɓoɓi, ba barci ko na minti ɗaya. Wasu cewa suke iskanci ne ko aljanu. Wannan bawan Allah ya ce mini, "Hajiya, ƙanenki ba shi da lafiya, ku nemi lauya, ku nemi likita." Da wani dattijo da aka tsare su tare, wanda ya riƙa jiƙa tsumma yana goga masa. Ban san inda yake yanzu ba. Allah Ya fitar da shi daga abin da ya kai shi.

Sai lauyar da muka samu ta Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda ba ta karɓi ko pesuwa ɗaya a hannunmu ba. Ita ta zaunar da ni da Kawu ta warware mana abin da na so a ce kowace uwa a zango ta sani. A tsohuwar dokar 1990, wanda aka kama da kayan maye a hannu, shekara 10 ne mafi ƙaranci, ko da ƙulli ɗaya ne na shansa. Akwai 'ya'yan mutane da ƙuruciyarsu ta ƙare a kurkukun Nsawam ta wannan hanya. A 2020 majalisa ta yi sabuwar doka mai lamba 1019, wadda ta raba mai sha da mai sayarwa. Mai sha tara ake cin sa, daga sidi 2,400 zuwa 6,000, kuma kotu na iya tura shi neman magani. Amma in ya kasa biya, zai iya yin har wata 15 a kurkuku. Nan ne ƙirjina ya buga, don ai ɗan talaka ne ke kasa biya, shi ne kuma ya fi cika sel.

Ta kuma gaya mana cewa tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2016 babu laifin da aka rufe ƙofar belinsa gaba ɗaya. Sai dai beli yana son masu tsayawa. Maƙwabtanmu biyu, Alhaji mai shagon kayan gini da malamin makarantar allon layinmu, suka bar aikinsu suka je suka sa hannu, a lokacin da wasu na jini suka daina ɗaga wayarmu. Ban riƙe kowa a zuciya ba, kunya ce, na sani. Amma waɗannan biyun, har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da su ba.

Na gode wa mai shari'a da ya saurari bayanin likita kafin ya yanke hukunci, ya kalli yaron a matsayin mara lafiya da ya yi laifi, ba abin zubarwa ba. Matan adashinmu kuwa, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne: wadda kwasarta ta zo ta ce a ba ni, ita ta jira. Da wannan da gudummawar samarin majalisar su ƙanena aka biya tarar, aka fara biyan kuɗin jinya.

An ba mu shawarwari iri-iri, har da masu cewa a kai shi inda za a sa masa mari. Limaminmu, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya ce wa Mma, "Hajiya, addu'a tamu ce, za mu yi ba dare ba rana, amma a kai shi asibiti." Maganarsa ta kwantar mata da hankali fiye da tawa. Muka kai shi sashen jinyar masu shaye-shaye na Asibitin Pantang. Ga likitoci da nas-nas da masu ba da shawara na wurin, ban san da wane baki zan gode muku ba. Sun fara da fitar masa da ƙwayar daga jiki a hankali ƙarƙashin kulawarsu, sannan watanni na zama da magana, shi kaɗai da kuma cikin 'yan uwansa masu irin lalurar. Mu ma sun kira mu sun koyar da mu. A wurinsu na ji cewa lokacin da ya fi haɗari shi ne bayan fitowa, daga kurkuku ne ko daga asibiti, domin jiki ya manta da ƙwayar, in mutum ya koma ya sha adadin da ya saba sha da, yana iya tafiya ke nan. Masu jiran fitowar nasu daga Nsawam, don Allah ku riƙe wannan.

Abin da ke damuna har yanzu, manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne kacal a ƙasar nan, na Akara da Pantang da Ankaful kusa da Cape Coast, duk a kudu. Mu mota ce ta kai mu muka dawo a yini. Uwar da ke Bawku ko Wa fa? Ina roƙon sarakunanmu na zango da 'yan majalisarmu su ɗauki wannan magana da muhimmanci.

Godiya ta musamman ga maigidan walda a Maamobi da ya ce a kawo masa shi ya koya masa aiki, yana sane da komai. Ranar Litinin zai fara, in sha Allahu.

Roƙona gare ku 'yan unguwa: in kun gan shi ku gaisa kamar da, ba sai an tambaye shi labarin sel ba. Mai son yi masa alheri ya ba Mma ko Kawu, kada a damƙa masa kuɗi a hannu tukuna, shi ma ya yarda da haka. Ranakun da yake komawa ganin likita, Kawu ne ke raka shi, wanda ke da hali ya karɓi Kawu wata rana ya yi mini magana. Waɗanda suka ba mu rance kuma, na rubuta kowa da abin da ya bayar, zan fara biya daga ƙarshen watan nan.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya shirya mana zuriya. Wassalam.