Littafin da Ake Kira Maraya

A gefen teburina akwai wani ɗan littafi mai koren bango wanda aka buga a shekarun 1950, kuma ya kusa shekara guda yana nan ajiye da wata 'yar takarda a tsakiyarsa wadda na rubuta wa "ana jiran amsa". Ɗaukar hoton shafukansa bai ci mana yini guda ba, fayil ɗin yana cikin kwamfuta tsaf, amma har yau ba mu da ikon buɗe shi ga masu karatu a intanet, domin ba mu tabbatar da wanda ke da haƙƙin ya ce mana i ko a'a ba. Mutane da dama suna zaton cewa tunda laburare ya sayi littafi, yana da damar yin abin da ya ga dama da shi. Abin da laburare ya mallaka shi ne takarda da tawada da ɗauri. Haƙƙin kwafar abin da ke ciki da yaɗa shi yana hannun wani dabam, wanda sau da yawa shi kansa bai san yana riƙe da shi ba.

Kafin a fara neman mai haƙƙi, tambayar farko ita ce ko haƙƙin yana nan da rai. Yarjejeniyar Berne, wadda aka ƙulla a 1886, ta sa mafi ƙarancin wa'adi ya zama tsawon rayuwar marubuci da ƙarin shekara 50 bayan rasuwarsa, amma ƙasashen Tarayyar Turai sun kai nasu shekara 70, Meziko kuwa ta kai 100, saboda haka littafi ɗaya yana iya zama na kowa a wata ƙasa alhali yana ɗaure a wata. Wannan lissafi duka ya rataya ne a kan shekarar da marubucin ya rasu, abin da ba a rubuta shi a jikin littafi. Ga sanannun marubuta ba wata wahala, kundin sunaye irin su VIAF, wanda ya haɗa bayanan manyan laburarorin ƙasashe, zai ba ka amsa nan take. Ga malamin da ya rubuta littafi ɗaya tak ya koma harkokinsa kuwa, sai ka shiga tonon tsofaffin jaridu kana neman sanarwar rasuwa, kana kuma fargabar kada ka binne wani mai suna irin nasa.

Amurka tana da nata tsari game da tsofaffin littattafai, inda ake ƙirga shekara 95 daga shekarar bugawa, shi ya sa littattafan 1929 suka zama na kowa a ranar 1 ga Janairun 2025. Akwai kuma wata ƙofa da ba kowa ya san da ita ba: littafin da aka buga a can kafin 1964 sai an sabunta rajistarsa bayan shekara 28, in ba a yi ba haƙƙin ya faɗi. Jami'ar Stanford ta tattara bayanan waɗannan sabuntawa a rumbu guda da kowa zai iya bincika, Jami'ar Michigan kuma ta sa ma'aikata suna bin littattafan HathiTrust, wato rumbun intanet da laburarorin jami'o'i suka haɗu suka kafa, ɗaya bayan ɗaya, inda aka gano cewa da yawa daga cikin waɗanda ake tsoron taɓawa sun daɗe da kuɓuta.

Idan haƙƙin yana nan, to, an shiga ainihin aikin. Shafin da ke bayan shafin suna yakan nuna wanda ya riƙe haƙƙi a ranar bugawa, amma wannan labarin jiya ne. Mai yiwuwa marubucin ya miƙa haƙƙinsa ga kamfanin ɗab'i, mai yiwuwa kuma yarjejeniyarsu ta ce haƙƙin zai koma masa da zarar an daina buga littafin, kuma yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1955 ba za ta taɓa ambaton kwamfuta ba, ballantana intanet. Kamfanoni suna sayen juna, suna rushewa, takardunsu suna salwanta. Marubuta suna rasuwa, haƙƙi ya shiga cikin gado, a raba shi tsakanin 'ya'ya da jikoki waɗanda ba lallai ne suna ga-maciji da juna ba. Sannan littafi ɗaya yakan ɗauki haƙƙoƙi barkatai: na mai fassara, na mai zane, na wanda ya ɗauki hotuna, na wanda ya rubuta gabatarwa, kowanne da nasa wa'adin. Cibiyar Harry Ransom ta Jami'ar Texas da Jami'ar Reading ta Ingila suna kula da rumbun WATCH, mai nuna wanda za a tuntuɓa game da haƙƙin marubuta da masu zane, da ɗan'uwansa FOB mai bin diddigin kamfanonin da suka rufe, kuma sun sha fitar da ni kunya, sai dai sun fi sanin manyan sunaye.

Koren littafin nan nawa ba ya cikinsu. Wasiƙar farko da na aika wa kamfanin da ya buga shi ta dawo mini a rufe, an ja layi a kan adireshin. Na gano cewa wani kamfani ya saye shi, wani kuma ya haɗiye wancan, na rubuta wa na ƙarshen, bayan makonni wata ma'aikaciya ta amsa cikin ladabi cewa ba su da wata takarda da ta shafi littafin, ba za su ce nasu ne ba, ba kuma za su ce ba nasu ba ne. Daga nan na koma kan marubucin, har na samo adireshin wata da nake kyautata zaton jikarsa ce, na rubuta mata sau biyu, shiru kake ji. An ce shiru ma magana ce, amma a wannan fagen ba a fassara shi da amincewa, duk yadda zuciya ta so.

Ba ni kaɗai ke wannan jira ba. A 2011 Laburaren Birtaniya ya fitar da sakamakon wani gwaji da ya yi da littattafai 140 waɗanda aka buga tsakanin 1870 da 2010, inda ya nuna cewa kowane littafi ya ci kimanin awa 4 na bincike, kuma kashi 43 cikin 100 na waɗanda ke ƙarƙashin haƙƙi ba a samo masu su ba. Wanda ya ninka awa 4 da littattafai miliyan guda zai gane dalilin da ya sa manyan laburarori suke tsayawa a littattafan ƙarni na 19, su bar na ƙarni na 20 a kulle.

Irin waɗannan littattafai da ba a samo masu haƙƙinsu ba ne ake kira marayu, kuma ni dai ina ɗari-ɗari da kalmar, domin tana sa mutum ya ji kamar yana aikin lada alhali wataƙila bai nema da kyau ba ne kawai. A 2011 HathiTrust ta wallafa jerin littattafan da take shirin buɗewa a matsayin marayu, sai ƙungiyar marubuta ta Authors Guild ta ɗauki jerin ta duba, cikin ɗan lokaci kaɗan ta samo ɗaya daga cikin marubutan yana raye, har da wakilinsa, dole aka dakatar da shirin. Ƙungiyar nan ce ta kai Google ƙara a 2005 kan kwafar littattafai. Sulhun dala miliyan 125 da suka cimma a 2008 alƙali Denny Chin ya yi watsi da shi a 2011, ɗaya daga cikin dalilansa kuwa shi ne an ɗora wa marubuci nauyin fitowa ya ce bai yarda ba, maimakon a nemi yardarsa tun farko. Daga baya kotuna sun halatta wa Google kwafar domin bincike da nuna gutsuren shafi, amma hakan bai ba kowa damar baje cikakken littafi ba.

Ƙasashe sun gwada hanyoyi dabam-dabam. Tarayyar Turai ta yi doka a 2012 da ta yarda laburare ya buɗe maraya bayan cikakken bincike da rajista, Birtaniya ta fara bayar da lasisi na shekara 7 a 2014 tare da ajiye kuɗin ko mai haƙƙi zai bayyana. Wadda ta fi burge ni ita ce ta Norwe, inda laburaren ƙasa ya ƙulla yarjejeniya guda da ƙungiyar Kopinor mai wakiltar masu haƙƙi, aka buɗe littattafan da aka buga har zuwa 2000 ga mazauna ƙasar, ana biya a dunƙule, wanda bai so ba ya janye nasa. Faransa ta yi wani abu mai kama da haka, amma kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a 2016 cewa ya saɓa wa dokar Tarayyar saboda ba a sanar da marubuta yadda ya kamata ba.

Inda babu irin wannan tsari, abin da ya rage wa ma'aikaci shi ne wasiƙa da kundin bin sawu. Na koyi in riƙa fayyace abin da nake roƙo: wane bugu, su wa za su karanta, ko za a iya saukewa, har zuwa yaushe, da kuma alkawarin janyewa idan an buƙata, domin yawancin magada tsoron abin da ba su fahimta ba ne ke hana su amsawa. Kowane rumbu da na duba, kowace wasiƙa da ranar da ta fita, har da ambulan ɗin nan da ya dawo, duk suna cikin fayil ɗin koren littafin, saboda wanda zai gaje ni kada ya faro daga tushe. A makon jiya na aika wa jikar wasiƙa ta uku, wannan karon na haɗa mata da hoton shafin da kakanta ya sadaukar da littafin ga matarsa.