Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Abin da Yaya Yake Kira Rabin Aiki

A makon jiya na tsaya a kan kuɗin da 'yan'uwa suka haɗa mini na tiyatar kafaɗata, kuma dole in ɗora da maganar Yaya Sabo, domin har yau idan aka zauna a zaure yakan ce an karɓi kuɗin cikakken aiki an yi mini rabi. Bai taɓa fitowa fili ya ce na ci ragowar ba, amma duk wanda ya san Yaya ya san inda zancen ya dosa.

Bayanin da likita ya yi mini shi ne, kafaɗa ƙwallo ce a kan ƙashin dantse, tana juyawa cikin wani kwarmi marar zurfi a jikin allon kafaɗa, kuma amosanin gaɓɓai ya cinye guringuntsin da ke kan tawa ƙwallon, amma kwarmin yana da sauran lafiya. A cikakken aiki ana sauya ƙwallon da ta ƙarfe, sannan a liƙa wa kwarmin wata roba mai tauri. Ni ƙwallon kaɗai aka sauya mini. Dalilin bai shafi kuɗi ba, domin lokacin ban kai hamsin ba, sana'ata kafinta, ita kuwa robar nan takan yi saurin girgiɗi a jikin mutumin da ke yini yana ɗaga katako yana buga guduma. Bai ɓoye mini cewa waɗanda aka yi wa cikakken aiki sun fi samun sauƙin ciwo da ɗaga hannu ba, haka kuma ya ce ƙarfen yana iya gurzar kwarmin sannu a hankali har a sake komawa tiyata. Da kunnena na ji, da hannuna na sa hannu.

Marigayiya Gwaggo Ladi ce ta fara cewa sabuwar taɓarya ba ta gyara tsohon turmi. Ita cikin tausayi ta faɗa, tana gyara mini majanyin da aka rataye hannun da shi, Yaya ne ya ɗauki maganar ya mayar da ita sanda. A ganinsa wannan aiki dabara ce da aka ƙirƙiro wa talaka, alhali kuwa da shi likitan nan Charles Neer na birnin New York ya fara tun shekarun 1950, ga masu mummunar karaya, kafin cikakken aikin ya yaɗu. Ɗana Abba ne ya karanto mini wannan bayan ya shiga makarantar koyon jinya, kuma na so a ce Gwaggo tana raye.

Wajen mako 6 aka hana ni juya hannun waje, saboda jijiyar naman gaban kafaɗa da aka yanka aka ɗinke. Mahaifiyar Abba ce take sa mini riga, ta fara zura hannun ciwon tukuna, barci kuwa a jingine nake yinsa. A ɗakin gashin ƙashi, inda muke jan igiya da lafiyayyen hannu don ta ɗaga marar lafiyar, na haɗu da wani saurayi mai sikila wanda ƙwallon kafaɗarsa ta mutu saboda jini ya daina isa gare ta. Irin aikina aka yi masa, ya kuma riga ni warwarewa, domin nasa kwarmin babu abin da ya taɓa shi. Ni dai ranar da na yi kabbara hannayena biyu suka kai kunne tare, ban gaya wa kowa ba.

Na koma shago, na aurar da 'ya'ya mata da wannan kafaɗa, kuma gadajensu ni na haɗa. Yaya bai taɓa lissafa wannan ba.

Yanzu ciwon ya fara dawowa da dare, kuma idan na miƙa hannu sama nakan ji gurza. Sabon hoto ya nuna ƙarfen ya matso cikin kwarmin, wato abin da aka faɗa mini tun farko, wanda Gwaggo ma ta hango. Likita ya ce idan jijiyoyin suna da ƙarfi za a sa robar, idan kuwa sun yage sai a yi irin aikin da ake juya gaɓar, ƙwallon ta koma jikin allon kafaɗa. A mako mai zuwa zan ba da labarin yadda maganar ta isa kunnen Yaya kafin ni in kai masa ita.