Ranar da kunya ta rufe mini baki a bayan injin zuciya

Ƙannena masu shirin shiga wannan aiki, mu ne ke zaune bayan likitan tiyata, riƙe da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu idan an tsayar da zuciyar mara lafiya. Jini ya fito ta bututu, ya taru a randar injin, a ba shi iskar oksijin, famfo ya mayar da shi jiki. Dabarar da likita John Gibbon ya yi nasara da ita ke nan a birnin Filadelfiya na Amurka a 1953, ta iso Enugu a 1974.

A shekarata ta farko, ana cikin aiki, na ga jinin randar yana ja da baya. Da idona na gani. Amma likitan babba ne, yana ɗinki a wuri mai wuya, ni kuma an rene ni a kan yaro ba ya katse babba. Na ce a raina bari ya gama wannan ɗinkin.

Ku yi lissafin da ban yi ba. Famfo na tura lita 5 a minti ɗaya. Idan rabin lita ya rage a randa kuma jini ya daina dawowa, daƙiƙa 6 gare ka. Bayan nan iska za ka tura cikin jijiyar mutum, ta nufi ƙwaƙwalwa. Ga shi na kashe ƙararrawar randar tun da safe don ƙararta ta dame ni, ban kunna ba.

Malamata ce ta miƙo hannu ta rage gudun famfon, ta ɗaga murya: "Jini ba ya dawowa!" Likitan ya duba, ashe bututu ne ya lanƙwashe. Ya miƙar da shi, ya ce ya gode, ya koma ɗinkinsa. Faɗan da nake tsoro ko alamarsa babu. Allah Ya kiyaye, mutumin ya farka lafiya, amma daren nan ban runtsa ba.

Don haka ku faɗi abin da kuka gani nan take, da ƙarfi, har sai an amsa. Idan likita ya ba da umarni, ku maimaita masa kafin ku taɓa komai. Kada ku yarda a ɗora mara lafiya a kan inji sai an ba da heparin, maganin hana jini daskarewa, an auna, jini ya haura daƙiƙa 480 bai daskare ba, ko da ana gaggawa ana hararar ku. Ƙararrawa kuwa, yanzu da yatsa nake bin takardar dubawa layi-layi, kuma ba na wuce layinta sai na ji kukanta da kunnena.